Nomau da Kaskon Iri a Birnin Kundumasa

Da sunan Wanda ya tsaga ƙwaya a cikin duhun ƙasa, ya fitar da ɗanye daga busasshe, ya yanka wa kowace nahiya rabonta na rana da ruwa. Ku matso kusa, ku gyara zama, ku ji abin da ya same ni a ƙasar da ƙanƙara ba ta ɗagawa daga kan gona sai kwana saba'in a shekara.

Sunana Nomau ɗan Cindo, mutumin Tungar Gawo. A bakin fadama aka haife ni, a cikin fangalin albasa na yi rarrafe. Da na ba shekara talatin baya sai zama wuri ɗaya ya ishe ni, na ce sai na ga yadda sauran bayin Allah suke noma a ƙasashensu. Na rataya burgami, na sallami iyali, na bi fatake.

Shekara uku ina tafiya. Na ga garin da ake shuka a cikin kwale-kwale saboda ruwa ya cinye musu gonaki. Na ratsa wani daji inda itatuwa ke sauya wurin tsayuwa da rana tsaka, mutum ya waiwaya ya rasa hanyar da ya biyo. Na lura tururuwa ba ta ruɗewa da wannan, sai na bi jerinta kwana biyu har ta fitar da ni, in ba haka ba da ƙasusuwana suna can. Daga nan na haɗu da ayarin masu fataucin fatu, na yi wata takwas ina kora musu alfadarai har na iya harshensu. Su ne suka hau da ni arewa, muka yi ta hawa har ciyawa ta ƙare, itatuwa suka ƙare, duniya ta koma fari fat, numfashin mutum yana fita kamar hayaƙi.

A ƙarshen hanyar akwai birnin Kundumasa, wanda aka sassaƙa a cikin dutse, ƙofarsa ɗaya tak. A bakin ƙofar na ga abin da ya ba ni mamaki: masu tsaro ba sa duba kaya, hannun baƙi suke dubawa. Da layi ya zo kaina, babbansu ya juya tafin hannuna, ya shafa kantar fartanya, ya leƙa ƙarƙashin farcena. Ya ɗaga kai ya dubi 'yan uwansa, sai na ga fuskokinsu sun saki kamar waɗanda aka sauke wa kaya. Na juya in nemi abokan tafiyata, kowannensu ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar alfadari.

Aka kai ni gaban shugaban birnin, Halbar, wanda suke kira Magajin Dutse. Dogon mutum ne, yunwa ta zurma masa ido kamar sauran mutanensa. Bai ɓoye mini komai ba. Ya ce kabewarsu da wakensu da albasarsu da wani ganye da suke kira sarmu suna bukatar kwana ɗari da goma kafin su nuna, ƙasa kuwa kwana saba'in take buɗewa. Saboda haka sai an reni iri kwana arba'in a cikin ɗaki, a dasa shi ranar da ƙanƙara ta ɗaga. Mutum ɗaya ke riƙe da wannan aiki, Mai Reno. Bara renon ya lalace, gari ya shiga yunwa, kuma tulu ɗaya na iri ya rage musu a duniya. Tun daga nan babu ɗan garin da ya yarda ya karɓi aikin.

Na tambaye shi ina Mai Renon bara. Ya kama hannuna ya kai ni bakin wata taga, ya nuna mini ƙasa. A gindin ganuwa na ga wasu kuraye farare, kowace ta kai girman jaki, suna zaune a kan dusar ƙanƙara sun ɗaga kai suna kallon ƙofa.

"Dokarmu ce," in ji shi. "Wanda iri ya mutu a hannunsa, a ba shi bargo ɗaya a buɗe masa ƙofa. Ba ni na kafa ta ba, baƙo, kuma ba zan iya ɗage ta ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, in na ƙi aikin fa?"

Sai ya sake duban tagar.

Ɗakin reno yana can ƙasan birnin, dogo kamar rumfar kasuwa, da tagogi shida waɗanda aka toshe da wani dutse mai haske kamar ruwa. Abin da na fara ji da na shiga shi ne ɗumi. Na nemi murhu ban gani ba. Sai na ga ramuka a daɓen ɗakin, faɗin kowanne kamar bakin randa, iska mai ɗumi tana fitowa daga ciki, ta tsaya, ta koma, ta sake fitowa. Duk fitowar da za ta yi sai kasaken reno sun yi ƙara a kan sigogin katako da aka jera su.

Wata tsohuwa na tarar tana share ɗakin, sunanta Zarkuna, ita ce mai ɗebo ruwan reno. Na gaishe ta, na tambaye ta wace irin wuta ce a ƙasa. Ta sa yatsa a baki, ta rage murya, ta ce ba wuta ba ce, numfashi ne. A cikin kogon da ke ƙarƙashinmu wata dabba take kwana duk tsawon sanyi, suna kiranta Uwar Ɗumi. In ƙasa ta buɗe takan farka da kanta ta fice ta bayan dutsen ta tafi tafki. Amma in aka tashe ta kafin lokacinta, da yunwa take tashi, kuma ba ta zaɓen abin da za ta ci. Ta ce kada in ɗaga murya, kada in yi daka, kada in bari ko tsakuwa ta faɗa cikin ramin.

Washegari na kama aiki, don hannu in yana aiki zuciya takan ɗan lafa. Ƙasar da aka kawo mini daskararriya ce, sai da na jera ta kusa da ramukan ta kwana biyu ta saki. Na tankaɗe ta, na haɗa da tsohon kashin awaki da yashi, muka cika kasko ɗari shida ni da Zarkuna. Na jiƙa irin kabewa da wake, na binne su gaɓar yatsa ɗaya. Na albasa da na sarmu kuwa na barbaɗa na rufe da ƙasa kaɗan. Ruwan ma sai na ɗumama shi a bakin rami kafin in yayyafa. Da na girgiza tulun na ji babu ko ƙwaya ɗaya a ciki, sai na ji kamar raina na binne.

Kwana biyar, shiru. Kwana bakwai, shiru. Kowace safiya Halbar yakan aiko a tambaya, ni kuma in ce a gaya masa iri yana hanya. A rana ta takwas na kasa haƙuri, na tona kasko ɗaya da yatsa, na ga ƙwayar wake ta kumbura ta fasa, ɗan farin saiwa ya leƙo. Na mayar na rufe kamar wanda ya leƙa ɗakin da bai kamata ba. A rana ta tara ɗakin ya wayi gari da kore.

Murnata ba ta yi mako ba. Wata safiya na tarar da tsiran kasko ashirin sun kwanta, gindin kowanne ya tsuke ya yi baƙi kamar an shaƙe shi da zare. Washegari kasko sittin. Na san ciwon, mukan gan shi a fadama in ruwa ya yi wa reno yawa. Amma ni na san adadin da nake ba su. Na ɓuya bayan sigogi da hantsi, sai ga Zarkuna ta shigo da tulunta tana bin kasake ɗaya bayan ɗaya tana ƙara musu ruwa, bakinta yana motsi da addu'a.

Na fito na riƙe tulun. Na ce, "Inna, ruwan nan ne yake kashe su."

Ta dube ni kamar ba ta ji harshen ba. Na tona kasko na matse ƙasar a gabanta, ruwa ya ɗiga ta tsakanin yatsuna. Sai ta zauna a ƙasa a hankali. Ta ce Mai Renon bara mijinta ne. Idonsa ya yi rauni, ta ga ya tsufa, shi ya sa take zagayowa a ɓoye tana ƙara wa tsiran ruwa don ta taimake shi. Haka su ma suka kwanta. Har aka buɗe masa ƙofa bai san dalili ba.

Ba ta yi kuka da sauti ba, saboda abin da ke kwance a ƙarƙashinmu. Ta cusa bakin mayafinta a baki, kafaɗunta suna girgiza. Na zauna kusa da ita. Da ta nutsu ta ce in na so in gaya wa Magaji. Na ce ba ni da lokacin kai ƙara, ta tashi ta kawo mini toka da busasshen yashi. Muka fitar da kasaken da suka kamu, muka barbaɗa toka a kan sauran, muka daina zuba ruwa ta sama, sai dai mu tsoma gindin kasko a cikin masaki ya sha da kansa. Ciwon ya tsaya bayan ya cinye mana kasko ɗari da goma.

Sai kuma tsiran suka fara tsawo ba ƙwari, farare, duk sun karkata wajen tagogi kamar masu roƙo. Hasken bai ishe su ba. Na je wurin Halbar na roƙi a tattaro duk farantin tagulla da ke birnin. Mata suka goge su da toka har suna ɗaukar ido, muka jingina su a bango suna fuskantar tagogi, haske ya riƙa dukan wannan ya faɗa kan wancan har ɗakin ya cika. Kowace rana mukan juya kasake, in bi ina shafa kan tsiran da tafin hannu don su saba da taɓawar iska. Cikin kwana goma suka yi gajeren wuya da kauri, ganyensu ya yi duhu.

A rana ta talatin da ɗaya rana ta fito da ƙarfi. Ƙanƙara ta fara zuba daga kan duwatsu, ƙasa ta leƙo baƙa a gonakin da ke cikin ganuwa. Mutanen da suka yi wata biyu suna cin tafasasshiyar fata suka fito suna rungumar juna. Halbar ya kira ni ya ce gata za a yi dashe.

Da na koma ɗaki Zarkuna ta ja ni bakin rami ta ce in saurara. Numfashin yana nan yadda yake, a hankali, mai nisa tsakani. Ta ce shekara arba'in tana ɗakin nan, Uwar Ɗumi ba ta taɓa kuskure ba: muddin numfashinta bai yi sauri ba, sanyi bai tafi ba. Na koma na faɗa wa Halbar, na ƙara da cewa tsiron da ya tashi a ɗaki sai an riƙa fitar da shi yana shan iska kaɗan-kaɗan kafin a dasa. Ya saurare ni har na gama. Ya ce kowace rana ana binne yara biyu ko uku, kuma in ya ce wa jama'a su jira bayan sun ga ƙasa da idonsu, za su fasa ɗakin su kwashi kasaken da kansu.

Na dawo na tsaya tsakiyar ɗakin ina jin kukan kurayen a kunnena. In an dasa sanyi ya kashe, ƙofa. In na ɓoye aka kama ni, ƙofa. Na tambayi Zarkuna ko akwai inda ɗan Kundumasa ba zai taɓa shiga ba, in ɓoye rabin kasaken a can. Ta dubi wata 'yar ƙaramar ƙofa a ƙarshen ɗakin, wadda ƙura ta rufe.

Matakala talatin da biyu ne zuwa ƙasa, cikin kogon Uwar Ɗumi. Na sauka da katako a kai, kasko goma a jere a kansa, ba takalmi. Kogon yana da tsaga a sama inda haske ke saukowa kan wani dandamalin dutse. Da farko na ɗauka tudu ne a gabana. Sai tudun ya kumbura ya sauka. Siffarta kamar guza, amma kanta kaɗai ya fi rumbu uku, ɓawon jikinta kamar faifai-faifai, kowane farce ya kai tsawon galma. Dandamalin bai fi taku goma daga hancinta ba. Iskar da ta fitar ta kaɗa mini riga. Na ajiye kasaken ina karanta duk abin da na haddace tun ina yaro, na juya na hau. Sau ashirin da huɗu na yi wannan a cikin yini biyu, kuma ko sau ɗaya tsoron bai ragu ba. Da aka zo kwasar kasake aka ga sun yi kaɗan, na ce ai kowa ya ji labarin ciwon da ya shiga reno.

Aka yi dashe da kiɗa. Kwana huɗu tsiran suna tsaye, har na fara cewa ko tsohuwa ta ruɗe ni na sa kaina a haɗari a banza. Safiya ta biyar na fito na ga gonakin sun yi fari kamar an watsa gishiri. Da rana ta taɓa su, kowane tsiro ya narke ya yi baƙi ya manne da ƙasa. Mutane suka tsaya a bakin kunya. Wata mata ta durƙusa tana ƙoƙarin tayar da wani tsiron kabewa da yatsa.

Ban ankara ba sai na ji an riƙe ni ta baya, an ɗora mini bargo a kafaɗa. Aka fara buga gangar kora, wata babbar ganga wadda kowane bugu sai dutsen ya amsa. Suka ja ni zuwa ƙofa ina magana ba mai ji. An zare sakata ɗaya, ina jin ƙafafun kurayen suna karce ƙofar ta waje, sannan na sami kama rigar Halbar.

"Rabin irin yana da rai. Kasko ɗari biyu da arba'in. A tsayar da gangar nan, don Allah, yana cikin kogo."

Ya ɗaga hannu, gangar ta tsaya. A cikin shirun muka ji abin da ya fi gangar muni: dutsen yana rawa a ƙarƙashin ƙafafunmu.

Na ruga ɗakin reno, jama'a suna bina. Kasaken da ba komai a ciki suna faɗowa daga sigogi, iskar ramukan tana fita da sauri da zafi. Na sauka rabin matakala na leƙa. Idonta ɗaya ya buɗe rabi, rawaya, girmansa kamar masaki, hancinta yana motsi yana bin ƙamshin ɗanyen ganye. Harshenta ya fito ya lashi iska ya koma.

Na zauna a nan. A zaune a kan matakalar na tuna ƙadangarun bangon gidanmu, yadda in gari ya yi sanyi da safe ko ka taɓa su ba sa iya gudu. Na hau da rarrafe na ce a kawo dusar ƙanƙara, mai laushi, ba mai dutse ba, a zuba ta ramukan da ke daidai kanta. Mutane suka ja da baya, domin tun kakanninsu ba a taɓa jefa komai a ramukan ba. Zarkuna ce ta fizge kwando daga hannun wani ta fita, ta dawo da shi cike, ta durƙusa ta zazzage. Sai wata mata ta bi ta, sai wani, har aka yi jeri daga tsakar gari zuwa ɗakin.

Na koma ƙasa. Farin gari yana sauka a kan hancinta kamar ana tankaɗe. Ta yi wani gurnani wanda na ji shi a cikin haƙorana, ta ɗaga kai ɗan kaɗan. Na tsaya cak da katako a hannu, idon yana kaina, ina ganin kaina a cikinsa ɗan mitsitsi. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Sannu a hankali fatar idon ta fara saukowa, ta tsaya, ta sake saukowa, kan ya koma ƙasa. Na ɗora kasko goma a kan katakon. Da na juya sai na yi karo da mutum a bayana. Halbar ne, ya cire takalmansa, fuskarsa ta yi fari, ya miƙo hannu biyu. Bayansa akwai wasu, sun jeru a kan matakala har sama, muka riƙa miƙa kasake hannu da hannu ba wanda ya yi tari.

Kwana shida bayan haka numfashin ya sauya da kansa, Uwar Ɗumi ta fice ta bayan dutse. Wannan karon ba wanda ya gaggauta ni. Muka riƙa fitar da kasaken, yau sa'a ɗaya, gobe biyu, jibi rabin yini, sannan muka dasa da yamma muka kifa wa kowane tsiro tukunya har ya kama. Amfanin bai kai na shekarar ƙoshi ba, amma ya isa a rayu, kuma aka cika tulu tara da iri.

Ranar da aka fara fasa kabewa, Halbar ya tara jama'a ya ce sun yarda in zama Mai Renonsu har ƙarshen raina. Suka yi guɗa, ni kuwa gida nake so in koma. Na yi godiya, na roƙi abu ɗaya: a ba kowane gida ƙoƙo ɗaya na iri da kasko biyar, in koya musu. Kwana ashirin ina bin gidaje ni da Zarkuna, muna nuna musu haɗin ƙasa, da zurfin binnewa, da tsoma kasko a ruwa, da jingina faranti a gefen taga kusa da murhu. Ita ce take yin bayanin ruwa, kuma a kowane gida sai ta faɗi abin da hannunta ya yi, ba ta rage komai ba.

Da muka gama na koma wurin Halbar na ce, "Ranka ya daɗe, yanzu Mai Reno ɗari huɗu gare ka. In iri ya mutu baɗi, wa za a buɗe wa ƙofa?"

Ya kalle ni. Sai ya ce ayarin fatu zai sauka jibi, kuma shi bai ga dalilin da zai sa a duba fuskar kowane mai korar alfadari ba.

Na je sallamar Zarkuna na tarar tana shanya irin albasa a faifai. Ta ce in yi sauri, gwiwarta ta fara gaya mata labarin dawowar sanyi. Ta sa mini albarka ba tare da ta ɗago ba. Mun fita a rana ta sittin da takwas da buɗewar ƙasa, kurayen sun hau can saman dutse neman sanyi. Muna tsakiyar mashigin sai na ji wani abu ya sauka a bayan hannuna, fari, mara nauyi, ya narke. Na bar alfadarin da nake kora, na tattare riga na zura da gudu, fatake suna kirana suna dariya, ban tsaya ba sai da na taka ciyawa.

Iyakar abin da na gani ke nan a Kundumasa, kuma Wanda ya fitar da ni shi ne shaida.